Matan da suka guji duniya a Kiristancin farko: wa ke ciyar da su?

Hauwa_Samaru:
Salamu alaikum. A darasin tarihin addinai malaminmu ya taɓo zancen mata Kiristoci na ƙarni na 4 da suka ƙi aure suka keɓe don ibada a Masar. Ni Rabi'atul Adawiyya kaɗai na sani a harkar zuhudu, ita kuma ta zo bayansu da kusan shekara 400. Abin da ya ɗaure mini kai: mace ba miji ba gona, wa ke ba ta abinci? Iyaye kuma ido suka zuba?

Baba Wusasa:
Amin alaikis salam, 'yata. Yawancinsu ba su kaɗai suke zaune ba. Wani ɗan zuhudu mai suna Fakomiyus ya kafa gidan 'yan zuhudu maza a Tabennisi, a kudancin Masar, wajen shekara ta 320, 'yar'uwarsa Maryamu ta shugabanci na mata a hayin kogin Nilu. An rubuta cewa sun kai kusan mata 400, suna kaɗi da saƙa, da shi suke ci.

Wasu kuma da dukiyarsu suka shigo. Paula 'yar manyan Roma ce, mijinta ya rasu, ta koma Baitalami wajen 386 ta gina gidajen ibada da aljihunta, ta koyi Ibrananci, ta rasu a 404 da bashi a kanta. Amma ni Makrina, wata 'yar masu hali a ƙasar Turkiyya ta yau, ta fi burge ni. Wanda aka yi musu baiko ya mutu, ta ce ita ta gama aure ke nan. Ta mai da gidan mahaifiyarta wurin ibada, kuyangin gidan suka koma ci akushi ɗaya da iyayen gijiyarsu. A gidan masu hali fa!

Malam_Tudunwada:
Baba, ka tsallake rabin tambayar. Ba a zuba ido ba. Taron limaman coci na Gangra, a ƙasar Turkiyya ta yau, ya la'anci matar da ta bar mijinta ko ta aske gashi ko ta sa tufafin maza da sunan ibada. Da ba a yi, ai ba za a hana ba.

Hauwa_Samaru:
Na gode, Baba, na gode Malam. To akwai maganarsu su da kansu da ta rage, ko duk maza ne suka ba da labarinsu?

Baba Wusasa:
Maza ne suka rubuta, amma cikin tarin maganganun dattawan hamada, wato 'yan zuhudun da suka keɓe a hamadar Masar, akwai na mata uku: Sinkiletika, Saratu da Tiyodora. Fara da Sinkiletika, nata sun fi yawa.