Man kare fenti: yana da amfani ga motar da ke bin hanyar ƙauye?

Mai Corolla, Garki:

Assalamu alaikum. Ina da Corolla baƙa, kullum tana kan burji tsakanin ƙauyenmu da Garki, ranar Alhamis kuma sai kasuwar Maigatari. Tun shigowar hunturu, in an wanke ta da safe, kafin azahar ta koma kamar ba a taɓa ta ba. In rana ta haska bonet sai ka ga siraran zane kamar saƙar gizo-gizo. Rim ɗin gaba kuwa sun yi wani baƙi mai ja-ja, omo da burushi sun kasa fitar da shi. A Ƙofar Ruwa wani mai shago ya nuna mini kwalba an rubuta sealant a jikinta, ya ce in na shafa ƙura ba za ta zauna ba. Gaskiya ne? Mene ne bambancinsa da folish? Yaya ake shafa shi, kuma ana sa shi a rim? Allah Ya saka da alheri.

Mai fenti, Ringim:

Wa alaikumus salam, Malam. Ƙura za ta zauna, babu man da ke hana ta sauka. Abin da silan, wato sealant ɗin nan, yake yi shi ne hana ta kama jikin fenti, ta yadda ruwa kaɗai zai kwashe mafi yawanta ba sai an dirje ba. Kuma dirzar nan ita ce ta jawo maka saƙar gizo-gizon da kake gani. Ƙurar wajenmu rairayi ne, ya fi fentin mota ƙarfi, duk sanda aka goge ta da busasshen tsumma tamkar an bi motar da samfefa ne.

Abu uku ne mutane ke haɗawa su kira folish, alhali aikinsu daban. Folish na ainihi yana da ɗan kaushi, kankare saman fenti yake yi don ya shafe zane, ba ya kare komai. Kakin mota, wanda galibi daga ganyen wata bishiyar Burazil ake samo shi, yana ba da sheƙi mai kyau, amma a zafinmu da wuya ya wuce wata ɗaya zuwa biyu, musamman a baƙar mota da ke yini a rana. Silan kuwa haɗin roba ne na masana'anta, yana manne wa fenti, ya fi jure zafi. Masu yin sa sukan rubuta wata shida, amma a motar da ke bin burji ka yi lissafin wata uku zuwa huɗu.

Kafin ka buɗe kwalbar, ka san wane irin fenti gare ka. Ka ɗiga folish kaɗan a farin ƙyalle ka goga a wuri ɓoyayye, kamar cikin bakin ƙofa. In ƙyallen ya ɗauko baƙi, fentin ba shi da ruwan garai, wato shafin ƙarshe marar launi, a samansa, sai a bi shi a hankali. In bai ɗauko ba, akwai. Ruwan garai ɗin nan na kamfani bai kai kaurin silin gashi ba, shi ya sa ba a yawan bin sa da inji. Duk folish yana rage shi, in ya ƙare kuma sai ya fara ɓarewa fari-fari a rufi da bonet, wannan kam sai sabon fenti.

Sharar fage ita ce rabin aikin, don silan duk abin da ya tarar a kai zai rufe. Ka wanke motar tas ta bushe. Sai ka sa hannunka a cikin siririyar leda ka shafa bonet. In ka ji gurza-gurza kamar tsaki, akwai dattin da ya nutse. Ana cire shi da yumɓun goge fenti, wani abu ne kamar cingam da ake sayarwa tare da kayan wankin mota. Ka gutsuro kamar girman goro, ka baje shi, ka fesa ruwan sabulun mota ya jiƙe wurin sosai, ka riƙa zame shi gaba da baya ba tare da dannawa ba. In ya yi datti ka ninke shi. In ya faɗi ƙasa ka jefar, ko da sabo ne, don ya riga ya kwashi yashi. Bayan nan ne folish, in kana son zanen nan ya ragu, domin silan ba ya goge zane. Daga ƙarshe ka haɗa sifirit na kemis kashi ɗaya da ruwa mai tsabta kashi huɗu, ka goge jikin motar da shi don ya cire maiƙon folish. In aka tsallake wannan, silan ɗin a kan maiƙo zai kwanta, wanki biyu ko uku ya tafi.

Mai wankin mota, Haɗejiya:

Maigida mai fenti ya gama da shiri, bari in ɗora da shafawa. A inuwa ake yi, jikin mota da sanyi. Ka ɗora bayan hannunka a bonet, in da ɗumi ka jira. A hunturu kada ka yi a fili, ka sami gareji ko rumfa mai kariya, ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Kuma ba a ƙarƙashin darbejiya ba, ga kashin tsuntsu ga 'ya'yanta.

Ɗigo uku ko huɗu kamar ƙwayar wake a kan soso mai laushi sun isa wuri mai faɗin kamu ɗaya da tsawon kamu ɗaya. Duk Corolla ba za ta ci fiye da cokalin cin abinci biyu ba, wato kamar mililita 30. Yawanci a nan ake kuskure: a lafta shi da kauri ana ganin zai fi kariya. Abin da ya taɓa fenti ne kawai ke kamawa, sauran sai ya daskare ya ƙi goguwa, ya bar dabbare-dabbare. Ka shafa siriri har da ƙyar kake ganinsa, ɓangare-ɓangare, daga rufi zuwa ƙasa. Ka kauce wa baƙar robar da ba ta da fenti, yana barin farin tabo a kanta.

Ka duba mintunan da aka rubuta a kwalbar, galibi 10 zuwa 20 ne, amma busasshiyar iskar hunturu tana saurin busar da shi. Gwajinsa da yatsa ne: ka ja layi, in wurin ya fito fes ya yi, in ya bar maiƙo ka ƙara jira. Sai ka goge da tawul ɗin maikirofaiba, kana juya gefe mai tsabta. Bayan nan awa 12 zuwa 24 kada ruwa ya taɓa ta.

Yanzu abin da ya fi damuna, wankin bayan nan. Omo da sabulun wanke-wanke an yi su ne don su cire maiƙo, suna gajarta kwanan silan. Ka nemi sabulun mota na ruwa, murfi ɗaya ko biyu a bokiti. Bokiti biyu: ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso kafin ya koma kumfa. Ka fara kwarara ruwa daga sama ya sauke ƙurar kafin hannu ya taɓa ta. Ruwan burtsatse da na rijiya a wurare da yawa yana barin farin zobe in ya bushe a rana, a baƙar mota kuwa yana iya cin fenti, don haka ka tsane ta nan take. Kashin tsuntsu ka jiƙa shi da ruwa ka ɗauke ranar da ya faɗo. In ka ga ruwa ya daina dunƙulewa a bonet bayan wanki, ya koma shimfiɗewa, lokacin sake shafawa ya yi.

Bakanike, Wudil:

Alhaji, baƙin rim ɗinka ba ƙurar hanya ba ce kaɗai. Garin ƙarfe ne daga faifan birki da pad, yana fitowa da zafi ya nutse a fentin rim, in ya sha ruwa ya yi tsatsa. Gaba ta fi yi don birkin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa. Sabulu ba ya narkar da ƙarfe. Akwai ruwan cire garin ƙarfe, yana da wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ka fesa a rim mai sanyi, minti uku zuwa biyar za ka ga ya koma ruwan shanshanbale, sai ka bi da burushi mai laushi ka ɗauraye sosai. Kada ya bushe a kai. Ruwan batir ko wani asid kada su je kusa, suna ƙona alminiyam ya yi fari har abada. Soson ƙarfe ma haka.

Ana sa silan a rim, a nan ma ya fi kaki dacewa saboda zafin birki. In da hali ka ɗaga motar ka sa mata abin tokare mai ƙarfi, ba jak kaɗai ba, ka kwance tayar ka shafa har cikin rim ɗin, don can garin ke taruwa. Kada ko ɗigo ya taɓa faifan birki ko pad ko inda taya ke taka ƙasa, kuma kada a shafa a ramin notuna. Soso da bokitin taya daban da na jiki. Masu shafa baƙin mai ko man birki a taya don sheƙi su daina: mai yana kama ƙura, man birki kuma in ya fantsama a fenti yana ɗaye shi.

Mai Corolla, Garki:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Saura abu biyu. Ƙofar baya an yi mata fenti sati uku da suka wuce. Sannan mai shagon ya ce akwai na siramik da ke shekara biyu.

Mai fenti, Ringim:

Ka tsallake ƙofar nan tukuna. Sabon fenti yana ci gaba da fitar da tina, in ka rufe shi sai ya dushe ko ya daɗe bai yi ƙarfi ba. Ka ba ta wata biyu zuwa uku, wanki kawai. Siramik yana daɗewa, gaskiya ne, amma yana buƙatar ɗakin da ƙura ba ta shiga, kuma inda aka bar shi da kauri in ya bushe sai inji ke cire shi. Ga mai yi da hannunsa a gida silan ya fi. Ka shafa yanzu, ka sake a watan Mayu da sassafe kafin ruwa ya sauka, sannan a Oktoba in damina ta ɗauke, bayan ka wanke jar lakar da ta maƙale a cikin mudugad da ƙasan ƙofofi.