Neman kalma: me za mu kira thermal storage da Hausa?

Jama'a masu Hausa da injiniyoyinmu ku matso, kalmar nan thermal storage nake so mu yanke mata hukunci, musamman irin wadda ake haɗawa da injinan sanyaya manyan gine-gine.

Bari dai mu san abin tukuna kafin a raɗa masa suna. Babban gini irin otal ko filin jirgi ba esi ake bi ana liƙa masa ɗaki-ɗaki ba, akwai ƙaton inji da ma'aikatan ke kira cila (chiller da Turanci), shi ke sanyaya ruwa zuwa wajen digiri 6 ko 7, famfo ya tura ruwan ta bututu ya zaga benaye ya kwaso zafi ya dawo yana wajen digiri 12. To da azahar kowa na son sanyi lokaci guda ga rana ta take, injin na ta zuƙar wuta, kuma a wurare da yawa a Amurka wutar wannan lokacin ta fi ta dare tsada. Shi ne aka ce a kunna cilar cikin dare ta daskarar da ruwa ko ta cika tanki da ruwan sanyi, rana na yi sai a riƙa ɗiba daga tankin, injin ya rage gudu ko ma ya huta. Bank of America Tower da ke New York haka yake yi, tankunan ƙanƙara ne jere a ƙarƙashin ginin.

Cikin shawarwarin da jama'a suka turo, ta farko da ta shigo ita ce ma'ajiyar zafi. Malam na gode, kuma a kimiyyance ba ka yi kuskure ba tunda zafi ake cirewa, amma ka je ka ce wa mai otal za ka gina masa ma'ajiyar zafi a watan Afrilu ka ga irin kallon da zai yi maka.

Wata 'yar'uwa ta ce ma'ajiyar sanyi, wani ya ce rumbun sanyi. Rumbun ya yi min daɗi a kunne wallahi, sai dai duka biyun matsalarsu ɗaya, duk wanda ya ji zai ɗauka ɗakin sanyi ake nufi irin na masu kifi da kaji. A can kaya ake ajiyewa cikin sanyi. A nan ba kifi ba tumatir, sanyin ne da kansa ake tarawa, kuma wannan bambancin shi ne duk maganar.

Wata Hajiya kuma ta ce randa, a'a Hajiya, da ita da tukunya cikin tukunya ta Mohammed Bah Abba da ta ci kyautar Rolex a 2000, ruwa ne ke tsattsafowa iska ta busar da shi, a take suke yin sanyinsu, ba na jiya suke tarawa ba.

Samarin sun nace kan batirin ƙanƙara. Ba laifi a hira, amma ba kowane tanki ne na ƙanƙara ba, wasu ruwa ne zalla, mai sanyin ya kwanta a ƙasa mai ɗumin ya hau sama ba tare da sun gauraya ba. Abin da ya sa ake son ƙanƙarar shi ne wuri, kilo ɗaya idan zai narke yana shanye zafi kilojul 334 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne), ruwa kuwa in ya ɗumama da digiri 8 wajen 33 kawai yake ɗauka, kun ga kusan ninki goma ke nan.

Wanda ya kawo mai rage shan wuta, yallabai wannan talla ce ba suna ba. Yin ƙanƙara sai injin ya sauka ƙasa da sifiri kuma hakan na ƙara masa wahala, abin da ke rama masa shi ne iskar dare ta fi sanyi, injin na aiki a tsaye ba kashe-kunna, sannan ana iya sayen cila ƙarama tunda tanki zai taya ta da rana. Wani ginin jimillar wutarsa ta ragu, wani kuɗin ne kawai ya ragu. Kar mu sa wa suna alƙawarin da ba kullum yake cikawa ba.

Ni ga inda na tsaya: tanadin sanyi shi ne aikin, asusun sanyi shi ne tankin. Asusu abin da ka zuba shi kake cirewa, ka tara lokacin sauƙi ka ɗiba lokacin matsi, ba wanda zai ji asusu ya yi tunanin kifi. Kuma yana juyuwa, tashar sola ta Noor a Warzazat ta Maroko da ke tara zafin rana cikin narkakken gishiri sai mu ce tanadin zafi take yi. Firjin allurar rigakafi mai sola marar batir da ke wasu asibitocinmu na karkara ma ya shiga ciki, shi da rana yake daskarar da ruwan jikinsa ya kwana a kai.

Ku gwada a baki: an cika asusun sanyi cikin dare, ƙarfe biyu na rana aka fara ɗiba. Masu cewa za a ɗauka ciwon sanyi ne, haba dai, ai ruwan sanyi ma ba wanda ya taɓa kai shi asibiti.

Saura cila, ita ban samu abin da ya fi aron ba, mai shawara ya ajiye a ƙasa.