Kare a gidan haya: mai gida na da hurumin hanawa?

Maman Sani: Assalamu alaikum jama'a. Ga magana na kawo, a tattauna ba zagi. Ni a ganina, ranar da mai gida ya karɓi kuɗin haya ya miƙa makulli, ba shi da sauran bakin cewa kada a ajiye kare. Wani abokin aikinmu ya kama gida a Sabon Gari, shi kaɗai da iyalinsa, ƙofarsa daban, jika 40 a wata. Aka ɗauke masa moto a zaure, ya samo ɗan kwikwiyo don gadi. Sai ga mai gida da wa'adi: ko kare ya fita, ko su fita tare. Wannan ba zalunci ba ne?

Alhaji Mutari: Wa alaikumus salam. Maman Sani, haya aka ba shi, ba sayar masa aka yi ba. Ku da ba ku taɓa gyaran gida bayan ɗan haya ya tashi ba, magana sauƙi gare ta a bakinku. In zafin Afrilu ya kankama, kare sanyi yake nema, kuma ba inda ya fi gindin katanga kusa da randa danshi. Nan zai tona rami ya kwanta. Damina ta zo, ruwa ya taru a ramin, ya ci ƙasan ginin, sai ka wayi gari katanga ta tsage daga ƙasa har sama. A gidajen ƙasa irin na Birni wannan ba abin wasa ba ne. Ga ƙofa duk karta, ga kaska a tsagar bango. Ɗan haya ya kwashe kayansa a amalanke ya yi gaba, ni ne zan nemo magini.

Rabi: Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma ragunan layya da ƴan haya ke ɗaurewa wata 4 suna fitsari a gindin katangar fa? Ban taɓa jin an ba wani wa'adi saboda rago ba.

Alhaji Mutari: Rago ba ya cizon ɗan maƙwabci, ƴata. Kuma ranar salla muna samun cinya.

Abdul'aziz: Ku bar zancen katanga. Annabi (SAW) ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare, kuma wanda ya ajiye kare ba na farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kullum. Mai gidan da ya hana taimakon ɗan hayarsa ya yi. Magana ta ƙare.

Malam Lawali: Ba ta ƙare ba, ɗana, yanzu ta fara. Hadisan da ka kawo ingantattu ne, ba mai musu. Amma hadisin da kansa ya ware kare na buƙata, malamai kuma sun yi saɓani ko gadin gida ya shiga ƙarƙashin gadin dabbobi da gona, da yawa suka ce ya shiga. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta a nan Damagaram, kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa. Wanke ƙwarya sau 7 in ya sa baki, bin umarni ne na ibada. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta mana naman da karen farauta mai horo ya kamo, da bakinsa kuwa yake kamowa. Akwai ma labarin da masu sharhi ke kawowa game da Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala ɗin nan da muke karantawa a zaure: katangar gidansa ta faɗi, ya ajiye kare. Aka ce masa ai Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski wannan zamani, da zaki zai ajiye. To shi Ibn Abi Zaid ɗin nan ya rasu tun shekarar 996 ta miladiyya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kare na gayu, a sa shi a ɗaki, a hau gado da shi.

Abdul'aziz: Allah gafarta Malam, na ji. Amma halatta abu daban, tilasta wa mai gida ya yarda daban.

Malam Lawali: Nan ka yi gaskiya. Musulmi suna kan sharuɗɗansu. In an gindaya sharaɗi tun farko, a cika. In ba a gindaya ba, a koma ga al'adar wuri, kuma kada a cuci kowa.

Nana Hadiza: Tun ɗazu maza ke magana kamar gida mai gida ne da ɗan haya kawai. Mu fa? Gidan da muke a Garin Malam ɗaki shida ne, iyali biyar, tsakar gida ɗaya, bayan gida ɗaya, famfo ɗaya da ke kawo ruwa in ya ga dama. Kun san ruwan garin nan, wani lokaci sai mun jira mai garuwa. Bara wani saurayi ya kawo kare, mai gida ya ce ba ruwansa tunda ana biya. Shi saurayin da safe zai ɗaure shi da guntuwar sarƙa ya fita, ba inuwa, ba ruwa. Karen ya yini yana kuka, in ya kwance kuwa sai randarmu. Na taɓa fitowa na tarar ya ture faifan ya zura kai, ruwan da na saya da kuɗina, na zubar. Buta ba ta kwana a waje. Yarona mai rarrafe na daina shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida saboda kashi. Almajirin da ke zuwa ɗaukar ragowar tuwo ya daina leƙowa. Shi mai karen yana wurin aiki, mai gida yana gidansa, mu muka zauna da shi. Don haka ni tambayata ba ko mai gida zai yarda ba ce. Wa ya tambaye mu?

Maman Sani: Yaya Nana, wannan daban ne. Ni gidan mutum ɗaya na ce.

Nana Hadiza: To ka gyara maganarka ta farko, don cewa ka yi mai gida ba shi da baki. A gidanmu da ya yi bakin, da mun huta.

Haruna: Gaisuwa daga Liyon. A nan Faransa akwai doka tun 9 ga Yuli 1970: in mai gida ya rubuta a takardar haya cewa ba a ajiye dabbar gida, wannan sharaɗin banza ne, muddin dabbar ba ta ɓata gini ba kuma ba ta dami maƙwabta ba. Karnukan faɗa ne kawai ake iya hanawa.

Alhaji Mutari: Haruna, can kare na da likitansa da takardarsa, mai shi na bin sa da leda yana kwashe kashi. In ka dawo ka fara wannan a Kasuwar Dole, sai mu kwaikwayi dokar.

Zeinabu: Ba sai mun je Liyon ba, Baba Alhaji. Dokar farar hula da muka gada, sashe na 1385, ta ɗora alhakin ɓarnar dabba a kan mai ita ko wanda take hannunsa, ko da kuɓuce masa ta yi. Ma'ana in kare ya ciji yaro ko ya kashe kazar maƙwabci, ɗan haya ne zai amsa, ba kai ba. Inda matsala take, yawancin hayarmu da baki ake yi. In abu ya kai gaban mai unguwa, kowa ya rantse da abin da ya tuna.

Alhaji Mutari: A takarda haka ne. A unguwa kuwa cewa za a yi karen gidan Alhaji wane ya yi cizo, ni za a zo wa da sallama.

Ɗan Lami dillali: Ni da nake tsakani zan faɗa muku abin da ke gudana. Masu gida ba karen suke tsoro ba kamar abin da za a ce. Gida in aka san an yi kiwon kare a ciki, wasu masu neman haya da sun ji sai su juya, ko su ce sai an sake yashi a tsakar gida an yi fenti. A ɗaya gefen, manyan gidaje masu gareji da ma'aikatan ƙungiyoyi ke kamawa, ba a ko tada zancen, har ɗakin kare wasu ke ginawa. Wato in hayar ta yi tsoka, kare ya zama halal. Ni yanzu kafin in nuna gida nakan tambaya: akwai dabba? Ko akuya ce a faɗa. A rubuta, a ƙara kuɗin ajiya na wata ɗaya, kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu.

Rabi: In hayar ta yi tsoka! Ɗan Lami ka fasa ƙwai.

Isufu: Ni aikina lafiyar dabbobi, kuma abin da ya fi damuna ba wanda ya taɓo shi. Ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa, kusan ba mai tashi. Amma allura na tare shi tun daga jikin karen. Shi ya sa ni na fi son kare mai ubangida, da katin allurarsa, a cikin gida mai ƙofa, a kan wanda aka kora. Don in mai gida ya ce kare ya fita, ina kuke zaton ake kai shi? Bakin bola ake sakinsa, ya shiga cikin na titi da ba mai yi musu allura, kuma ta nan yaranmu ke bi zuwa makaranta. Alhaji, in ni ne kai, ba hanawa zan yi ba. Cewa zan yi a nuna mini kati duk shekara, a yi masa rumfa da wurin ruwa, a zuba siminti a gindin katanga da kuɗin ɗan haya.

Alhaji Mutari: A gidan mutum ɗaya, da waɗannan sharuɗɗa a rubuce, zan iya duba lamarin. Gidan tarayya kuwa ko da kati goma, a'a.

Abdul'aziz: Ni ko na mutum ɗaya ba zan bayar ba.

Maman Sani: Gidanka ne. Amma ka faɗa wa mutum kafin ya biya, ba bayan ya sauke kaya ba.

Inna Cima: Ku yi haƙuri in katse ku. Malam Isufu, shekaranjiya karen maƙwabtanmu ya yakushi jikana a ƙwauri, kamar da haƙori, ɗan jini kaɗan ya fito. Na sa masa toka ya bushe. Akwai damuwa?

Isufu: Akwai, Inna. Yanzu ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, minti 15, ko da ya bushe, sannan ku kai shi asibiti yau ɗin nan a fara masa allura, kada a jira alama. Ku gaya wa masu karen su ɗaure shi, kada su kashe shi kuma kada su sake shi, a sa masa ido kwana 10. In suna da katin allurarsa, ku tafi da shi likita ya gani.