Masu ƙananan motoci irin su Starlet da Yaris, za ku sake sayen irinsu?

Malamin makaranta, Garwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni malamin makaranta ne a nan Garwa, arewacin Kamaru, shekarata goma sha ɗaya ina hawan babur, kuma yanzu iyali sun ƙaru har ta kai ba na iya fita da uwargida da yara uku sai na yi sawu biyu. Na daɗe ina tara kuɗi, kwanan nan kuma ɗaukar adashin wurin aikinmu ta zo kaina, amma abin da ya taru ba zai wuce ƙaramar mota ta hannu ba, irin masu ƙofa biyar ɗin nan da ake ɗaga bayansu gaba ɗaya tare da gilashi. An nuna mini guda biyu, Toyota Starlet ta 1998 da Toyota Yaris ta 2003 mai injin lita 1.0, dukansu masu giyar hannu.

Yawancin zirga-zirgata a cikin gari take, daga gida zuwa makaranta da kasuwa da asibiti. Sai dai sau biyu ko uku a shekara nakan je Marwa gaishe da iyaye, tafiyar da ta ɗara kilomita 200, kuma muna da gona a wani ƙauye bayan Gidar, inda dole a sauka daga kwalta. Ba dillali nake son ji daga bakinsa ba, domin shi kowace mota a wurinsa lafiyayya ce. Waɗanda suka riƙe irin wannan mota shekaru, suka sha zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu da taɓon damina da ita, su nake tambaya: da a ce yau kuɗinku ya dawo hannunku, za ku sake sayen irinta? Allah ya saka da alheri.

Tsohon ma'aikaci, Ngaundare

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sanya albarka a niyyarka. Na riƙe Starlet shekara tara, har yanzu tana ƙofar gidana, kuma amsata ita ce zan sake saye ba tare da na yi dogon tunani ba. Amma bari in faɗa maka dalili, domin kada ka ɗauka son abin da na saba da shi ne kawai yake magana.

Abu na farko mai ne. Ka san yadda farashi ya tafi da mu: a da litar fetur tana sefa 630 a gidan mai, a watan Fabrairun 2023 ta koma 730, bayan shekara guda ta kai 840. A tsakanin nan kuma Najeriya ta cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, sai zuwa-zuwa, wato man Najeriya da ake sayarwa a kwalabe bakin titi, wadda ita ce ta rufa wa mutanen arewacin Kamaru asiri shekara da shekaru, ta daina zama mai arha kamar da. Na ga maƙwabtana masu manyan motoci sun jingine su a inuwa sun koma hawan babur ɗin haya, ni kuwa ban taɓa ajiye tawa ba ko na mako guda. A lissafin da nake yi a littafina, tana shan lita 6 zuwa 7 a kilomita 100 idan hanya ta miƙe, a cikin gari ta ɗan ɗara haka. Ga mai albashi wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin sayen mota rana ɗaya ake yi, ciyar da ita kuwa kullum ne. Haka nan kuɗin vinyet, wato harajin mota na shekara, wanda tun 2017 ake biyansa tare da asiransi (inshora), gwargwadon ƙarfin injin ake yanke shi, kuma ƙananan nan suna matakin ƙasa.

Na biyu, babu garin da za ka tsaya a kan babbar hanyarmu ka rasa wanda ya san cikinta. Dubi yawan Starlet da suka yi aikin taksi a Yawunde da Duwala, wannan ya sa kayanta suka wadata, sabo da na hannu, kuma yaron gareji ma ya san inda zai sa hannu. Na sauka gangaren dutsen nan da ke tsakanin Ngaundare da Mbe na hau shi ban san iyaka ba a hanyata ta zuwa Garwa. Idan mu uku ne ko huɗu babu kaya mai nauyi, tana hawa a giya ta biyu da ta uku ba tare da allurar zafi ta motsa ba. Wajen sauka kuma na koyi barin giya ta riƙe motar, ba na kwanta wa birki, saboda birkin ƙaramar mota yana saurin ɗaukar zafi.

Abin da zan ja hankalinka a kai shi ne shekaru. An daina ƙera wannan Starlet a 1999, Yaris ce ta gaje ta, ke nan mafi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara 25. Tawa na same ta ne daga hannun mutum ɗaya da ya kula da ita. Wadda aka nuna maka, sai ka bincika ko ta taɓa yin taksi, domin idan ta yi, fenti ne kawai sabo a jikinta.

Hajiya mai fatauci, Marwa

Malam, ina yi maka fatan alheri, amma ni nawa ra'ayin ya saɓa da na Baba na Ngaundare, kuma ina roƙon ya yi mini afuwa. Na riƙe Yaris mai injin 1.0 shekara huɗu, na sayar da ita bara, kuma ba zan sake sayen ƙaramar mota ba muddin rayuwata tana yadda take yanzu. Ba na ce motar ta ci amanata ba ne. Ni ce na ɗora mata abin da ba a yi ta dominsa ba, kuma da na karanta bayaninka sai na ga kamar hanyar da na bi kake shirin bi.

Ka ce kuna da yara uku, ga gona. To, ranar da za ku tafi Marwa ku biyar, bayan motar jaka biyu ko uku zai ɗauka ya cika. Kujerar baya ta Yaris ana iya tura ta gaba don a sami wurin kaya, amma sai ƙafafun yara su matse, idan kuma aka kwantar da ita babu wurin zaman kowa. Wajen dawowa kuwa ka san iyaye ba sa barin ɗansu ya tafi hannu sake: ga buhun masakwa, ga albasa, ga gyaɗa, wani lokaci har da kaji. Ba za ka iya cewa mahaifiyarka ta mayar da tsarabarta ba. Haka na riƙa yi, motar ta zauna a kan tayoyin baya, duk ramin da na faɗa sai na ji ƙasanta ya daki ƙasa. A shekara huɗu na sauya shokozoba na baya sau biyu, salansa kuma an yi mata walda har na daina ƙirgawa.

Sai maganar zafi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba a iya rufe yara a mota babu na'urar sanyi, amma da zarar an kunna ta a injin 1.0 da mutum biyar a ciki, ƙarfin motar ya ragu ƙwarai. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wuce manyan motocin da ke kai kaya Chadi. Kana buƙatar mota ta amsa nan take idan ka fito gefensu, ita kuwa sai ta ɗauki lokaci kafin ta ja, kuma iskar tirela kanta tana girgiza ta. Akwai ranar da na fito wuce wata kusa da Figil, sai ga wata ta ɓullo daga gaba, da kyar na koma layina. Tun daga ranar zuciyata ta fita daga tafiya mai nisa da ita.

Hanyar gona kuma da damina, ka cire ta daga lissafi. Baƙar ƙasar nan tamu idan ta sha ruwa, ƙaramar taya nutsewa take yi, kuma ko ruwan mayo, wato kogin damina, ya janye, yashin da ya bari ya isa ya riƙe ka. A cikin Marwa, daga Domayo zuwa babbar kasuwa, ban taɓa samun mota mai daɗin sha'ani kamarta ba, wannan gaskiya ce. Da ni kaɗai ce da aikin ofis, da tana nan.

Makanike, Garwa

Malam, ni na yarda da Baba da Hajiya duka, domin kowannensu abin da ya gani ya faɗa. Ina da Yaris tawa ta kaina, mai injin 1.3, kuma zan sake saye. Shekara ashirin ina kwance injin irin waɗannan motoci, don haka bari in ƙara abin da ido ba ya gani a wurin ciniki.

Bambancin injin 1.0 da 1.3 shi ne kusan duk abin da Hajiya ta koka da shi game da ƙarfi. Na farkon ƙarfin doki wajen 68 ne, na biyun ya haura 80, kuma man da suke sha bai bambanta sosai ba idan an ɗauki mutane, saboda ƙaramin sai an matsa masa kafin ya ja. Starlet ta 1998 mai 1.3 tana tsakaninsu. Ita Starlet bel take amfani da shi wajen taimin, ana sauya shi wajen kilomita 100,000, kuma tunda ba ka san ranar da aka sa na cikinta ba, ka ɗauka cewa za ka sauya shi a makon farko. Yaris sarƙa gare ta, ba ta son komai sai a yi juyen baƙin mai a kan lokaci. Idan ka tayar da ita da sanyin safiya ka ji ƙarar kacau-kacau daga gefen injin, sarƙar ta saki, a rage maka kuɗi ko ka bar ta.

Ka sa a ɗaga motar ka shiga ƙarƙashinta da tocila. Yawancin waɗannan motoci daga Turai suka zo, ta Beljiyam zuwa tashar Duwala, kuma can ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, shi ne ke cin ƙarfen ƙasa. Injin da ya gaji ana gyara shi, amma ƙasan da ya ruɓe ba shi da magani. Ka kuma lura ko an juya mata sitiyari. Irin wadda aka yi wa kasuwar Japan, mai suna Vitz, sitiyarinta a dama yake, wasu ana mayar da shi hagu kafin a kawo su, kuma idan aikin bai yi kyau ba, matsalar waya da ta sitiyari ba ta ƙarewa.

Abin da ya fi kawo mini waɗannan motoci gareji ba laifin ƙira ba ne. Man kwalba mai ruwa ko datti yana kashe famfon mai ya toshe injekta. Ruwan rijiya a lagireto yana tara tsatsa da gishiri, sai mota ta fara zafi a watan Afrilu, wani kuma ya cire mata tamostat ya ce ya gyara, alhali ɓoye ciwon ya yi. Matatar iska da hunturu tana son a kakkaɓe ta duk mako biyu. Kada kuma ka biya ko dala sai ka gwada lambar da ke jikin motar da wadda ke kan kart griz, wato takardar rajistar mota, ka ga takardar duwan (kwastan) da idonka. Idan kana so, ka kawo su duka biyun wurin duk makaniken da ka amince da shi, wanda ba dillalin ne ya zaɓo maka shi ba.

Ɗan Kusiri

Ni ma zan sake saye. Kusan kullum ina haye gadar Ngeli zuwa Njamena, kuma a cunkoson bakin gada da na kasuwa babu abin da ya kai ƙaramar mota sauƙin juyawa da samun wurin tsayawa. Amma ban taɓa kai tawa Marwa ba, domin abin da na gani a hanyar Dabanga zuwa Mora ya ishe ni, motar haya nake shiga in bar ta a gida. Malam, kana iya yin haka da hanyar gonarka, tunda babur ɗinka yana nan. Abu ɗaya kuma, idan ka ji ana maganar sabuwar Starlet da ta fito a 2020, ba jinin tsohuwar ba ce, Suzuki Baleno ce da ake ƙerawa a Indiya aka sa mata tambarin Toyota, kayansu ba sa shiga na juna.

Malamin makaranta, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, maganar buhun masakwa ta shige ni, domin kamar kin san mahaifiyata, kuma na karanta wa uwargida abin da kika rubuta game da wuce tirela. Na fasa sayar da babur, shi zai ci gaba da zuwa gona. Yaris mai 1.0 ɗin na janye daga cinikinta. Ranar Asabar zan kai Starlet ɗin gareji a ɗaga ta, idan ƙasanta lafiya kuma ba ta yi taksi ba sai mu yi magana da mai ita, idan kuwa ba haka ba zan ƙara haƙuri zuwa ƙarshen zangon karatu ko a sami Yaris mai 1.3. Baba na Ngaundare, don Allah ka gaya mini, a shekara taran nan ka taɓa buɗe injin taka, kuma kilomita nawa take nunawa yanzu?