Wai Tokaji zaƙi ne kawai? Muhawarar ɗaliban Hausa a Hangari

Ishaya: Jama'a, zan faɗa ko da za a yi mini ca. Sunan da Tokaji, giyar inabin yankin Tokaj, ta yi ya fi ƙarfinta, zaƙi ne kawai. Mai neman giyar inabi ta ƙwarai a ƙasar nan ya nufi kudu, Villány, kusa da iyakar Kuroshiya. Jar da suke yi da inabin Cabernet Franc tana da nauyi a baki, tana ɗan kama harshe, ga ta da dacewa da naman sa. A bikin abokin karatuna a Pécs na ɗanɗana duka biyun, ƙaramin kofi ɗaya na Tokaji ya ginshe ni.

Hajara: Yaya Ishaya, ni ba na sha, ka sani, don haka ba zan yi musu da harshenka ba. Amma "zaƙi kawai" ɗin nan ban yarda da shi ba. Sashenmu na aikin gona ya kai mu ƙauyen Mád da ke yankin Tokaj a watan Oktoba. Da safe hazo ke tasowa daga kogin Bodrog da Tisza ya lulluɓe gonakin, rana ta fito ta busar. Wannan ne ke sa wani fumfuna mai suna Botrytis ya huda fatar inabin, ruwan ya tsane, ƙwayar ta yamutse kamar busasshen dabino. Ita suke kira aszú. Na tsaya kusa da wata tsohuwa tana tsintar su ɗaya bayan ɗaya daga cikin nonon inabi guda, yatsunta duk sun yi baƙi suna danƙo. Ta miƙo mini ɗaya na tauna. Wallahi bayan zaƙin akwai tsami mai kaifi, irin na lemon tsami. Inabin Furmint da ake yin Tokaji da shi haka yake, tsaminsa ne ke riƙe zaƙin.

Ishaya: Wahalar tsinta ba ita ce daɗi ba, ƙanwata. Dokarsu ta 2013 ma ta ce giyar aszú sai ta kai giram 120 na sukari a lita. Wannan ai zuma ce.

Nuhu: Ku duka kun manta garin Eger. Jar giyarsu Bikavér, wato jinin bijimi! An ce a 1552 da sojojin Daular Usmaniyya suka kewaye ganuwar garin, sun ga gemun mutanen István Dobó, kwamandan masu tsaron garin, ya yi jajur, suka ɗauka jinin bijimi suke sha.

Malam Garba: Nuhu, yaƙin gaskiya ne, Dobó ya riƙe garin, amma zancen gemun tatsuniya ce. Sunan Bikavér sai a ƙarni na 19 ya bayyana, kuma garin Szekszárd ma na da haƙƙin amfani da shi. Gauraye ce ta inabi iri-iri, Kékfrankos ne ƙashin bayanta. Zamanin kwaminisanci an yi ta zuba ta da yawa ba kula, sunanta ya zube, sai bayan 1989 aka fara gyara. Ni a matsayina na Musulmi haramun ce gare ni, ba kuma ina kiran kowa gare ta ba. Tarihin ƙasar da muke zaune a ciki nake magana.

Hajara: Malam, tarihin ma yana bayan Tokaj. Tun 1737 sarauta ta shata iyakar yankin, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2002. Mun shiga rumbunsu na ƙarƙashin ƙasa da aka fafe cikin dutsen aman wuta, bangon duk baƙin fumfuna mai laushi kamar auduga, sanyi na ratsa ƙashi.

Ishaya: Tsufa daban, inganci daban.

Malam Garba: To ai kuskurenka a nan yake, Ishaya. Ka ɗauki kofi ɗaya na aszú ka yanke wa yanki guda hukunci. Yawancin masu gonakin yanzu suna yin Furmint marar zaƙi sam, fara. Ita ya kamata ka gwada da ta Villány, tunda duk da abinci ake shan su. Aszú kuwa bayan abinci ake kawo ta, kaɗan.

Ishaya: Wannan kam ban taɓa gwadawa ba, Malam, na karɓa. Amma har yanzu ina kan bakana game da jar Villány. Hajara, yaushe sashenku zai koma Mád? Idan akwai wuri a motar, ku sa sunana.