Tayar hunturu a Montreal: wace zan saya?

Sabon Zuwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan ne hunturuna na farko a Montreal. Motar da na saya tayoyinta sababbi ne, irin waɗanda ake ce musu na kowane lokaci. Dole ne sai na canza?

Baban Yara: Wa alaikumus salam, ƙanena. Dole ne. A Kebek, lardin Kanada da Montreal take ciki, sa tayar hunturu doka ce, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, kuma tarar dala 200 zuwa 300 ce. Ka duba gefen taya, in ba ka ga hoton dutse mai kai uku da ɗigon dusar ƙanƙara a ciki ba, ba ita ba ce. Kada ka jira Nuwamba ta yi nisa, gareji cika suke yi.

Maman Biyu: Ni ba tarar ce ta dame ni ba. Shekarar da muka zo, na taka birki a wata mahaɗa, titi baƙi wuluk kamar jiƙewa kawai ya yi, ashe ƙanƙara ce. Motar ta ci gaba da sulalewa, yara a baya, ina ta salati, sai da ta tsaya a tsakiyar mahaɗar. Da sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, robar taya ta yau da kullum ƙandarewa take yi, ba ta kama titi. Ta hunturu kuwa tana nan da laushinta.

Sabon Zuwa: Subhanallahi, Allah ya ƙara tsarewa, Hajiya. Biyu na gaba za su isa? Aljihu ya yi sanyi.

Direban Laval: A'a, malam. Huɗu. In ka sa biyu a gaba kaɗai, bayan motar ne zai juyo maka a kwana. Ni Nokian Hakkapeliitta mai ƙusoshi nake sawa, don ina fita da asuba kafin a watsa gishirin narkar da ƙanƙara a titi. An yarda da ƙusoshi daga 15 ga Oktoba zuwa 1 ga Mayu. Amma akwai ƙara, ba zan ɓoye maka ba.

Baban Yara: Ga mai yawo cikin gari, Michelin X-Ice ko Bridgestone Blizzak sun wadatar. In na hannu za ka saya, duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen tayar, mako ne da shekarar da aka ƙera ta. Zurfin zanen tayar ma kada ya gaza milimita 4.

Maman Biyu: Ka riƙa duba iska kuma, sanyi yana rage ta.

Sabon Zuwa: Na gode ƙwarai. Yaya, Asabar za ka samu lokaci ka raka ni mu duba na hannun?

Baban Yara: Bayan azahar, in sha Allahu. Ka turo min girman tayar, yana rubuce a jikin ƙofar direba.