Don Allah ku taimaka, cen ɗin mashin ɗina ya ƙi daidaita

Salam 'yan uwa, sabon shiga ne ni a harkar mashin. Na wanke cen ɗin da kalanzir da tsohon burushi, ya bushe na sa mai, amma in na ɗaga tayar baya ina juyawa sai wani wuri ya ɗaure tam wani wurin kuma ya saki har yana bugun murfi, ƙarar nan kwas kwas tana damuna wallahi. Haƙoran siroket ɗin baya sun fara tsini. Cen ɗin ne ya mutu ko ɗauri ne bai yi daidai ba? In canzawa ne dole sai da siroket gaba ɗaya? Sannan baƙin mai yana yi kuwa, don naga yashi yake kamawa sosai.